Waken Iri a Jarka

Da malamar gona ta fara zuwa ƙauyenmu daga Malumfashi, ban yarda da ita ba. Malamin da na sani shi ke faɗa, a saurara. Ita kuwa sai ta zaunar da mu a tsakar gidan mai unguwa, muna kallon juna, ta ce, "Iyayena, ku za ku yi maganar." Na ce a raina, wannan so take ta ji abin da ke cikin rumbunan mutane. Mu kuwa ba ma faɗin wannan.

A wannan shekarar, ƙwari suka faɗa wa waken irina, wanda na gada wurin uwar mijina. Jarka biyu na ajiye, ɗaya ta riga ta zama gari. In ta biyun ta bi ta, irin ya ƙare ke nan. Ban gaya wa kowa ba.

Ran nan zancen wake ya taso. Matar maƙeri ta ce nata ya lalace, alhali ta zuba barkono. Wata ta ce toka ta sa, duk ɗaya. Sai wata yarinya mai goyon fari ta ce nata ko huda babu.

"Ke da tuwonki ke gudaji?" in ji matar maƙeri. "Me kika sa?"

"Wallahi Yaya, ba komai. Toshe jarkar na yi na tafi wankan gida Kafur, wata huɗu."

Aka yi dariya. Matar maƙeri ba ta yi ba. "Ku tsaya. Ni kullum sai na buɗe na ɗiba." Mai tokar ta ce ita ma haka. Suka bi kansu ɗaya bayan ɗaya: duk mai yawan buɗewa nata ya huje.

"Ashe iska muke ba su," in ji wata.

Malamar ta juyo. "Iya, ke fa?"

"Nawa lafiya lau," na ce.

Ni kuwa duk Juma'a sai na buɗe nawa na zura kara na auna, don ina zargin matan 'ya'yana suna ɗiba.

Na koma gida na shanya wanda ya rage, na tsince, na mayar, na ɗaure bakin da leda, na tura ƙarƙashin gadona. Duk Juma'a hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, ban taɓa ba. Da damina ta kankama na shuka shi tsakanin dawa, ya fito.