Malamin da Ba Ya Jin Hausa a Aji

Malam Zarami ɗan masunta ne daga wani ƙauye a yankin Kirikasamma. Tun yana ɗan mitsitsi ubansa ya cilla shi kogi daga kwalekwale, ya juya ya ci gaba da gyaran taru. Yaro ya sha ruwa ya ƙoshi, amma ya fito da ransa. Da ya girma ya zama malamin Turanci, wannan labarin ya zama duk ilimin koyarwarsa.

"Ba a koyon iyo a tudu," haka yake gaya wa iyaye. "In na miƙa wa yaro hannu, na cuce shi."

Ni ma na zauna a ajinsa a firamaren garinmu, kuma har gobe ba na ƙaunarsa. Ba ya duka, wannan kam na shaide shi. Kunne kawai yake toshewa. Da zarar ka tsallako ƙofar ajin, Hausa ta mutu. Ko fitsari ne ya matse ka, sai ka nemi izini da Turanci, in ba haka ba ka jiƙa wando. Haushin abin shi ne ɗalibansa suna cin jarrabawa, iyaye kuwa sai sa masa albarka.

A ajinmu akwai Gumsu, yarinya mai kai amma mai nauyin baki. Kakarta Mairam makauniya ce, kullum ita kaɗai ake bari a gida in an tafi fadama.

Wata damina muna cikin darasi muka ji mata suna ihu cewa jingar da ta tare kogi ta ɓalle. Makarantar a kan tudu take, unguwar su Gumsu a kwari. Ta miƙe tsaye.

"Malam, ruwa ya shiga unguwarmu, Kaka tana ɗaki ita kaɗai!"

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce da Turanci bai ji ba. Ta sake faɗa tana kuka. Ya harɗe hannu. Ta haɗo 'yan kalmomin da ta sani, ya ce jimlar ba ta miƙe ba, ta sake. Wani ya raɗa mata, ya ce ba a satar amsa. Ta jima a tsaye tana in'ina kafin ta haƙura da izinin ta dira ta taga.

Kafin ta isa, katangar ƙasa ta jiƙe ta rufta. Masu kwalekwale ne suka fito da gawar tsohuwar.

Malam Zarami ya je gaisuwa da babbar rigarsa, ya yi addu'a mai tsawo. Aka amsa masa da amin, domin malami uba ne.

Da aka koma makaranta, ya ce ya gano giɓi a karatunmu. Ya rubuta kalmar ambaliya da Turanci a allo, ya kira Gumsu gaban aji, ya sa ta yi ta maimaitawa har sai da lafazinta ya gamsar da shi.