Bangon Gabas Bayan Baban Ladi

Mai karatu, matso da kujerarka, ina da magana, kuma ni idan na fara ba na saurin ajiyewa. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Baban Ladi, maginin ƙauyenmu da ke bayan Tsanyawa. Har yau bakina bai saba kiran sunansa ba, sai ka riƙe shi da wannan.

Majami'armu ta ƙasa ce. Kakanni suka gina ta da tubali tun masu bi ba su cika tabarma biyu ba, kuma ta girmi duk mai numfashi a garin nan. A cikinta aka ɗaura mana aure, a cikinta aka yi masa addu'ar ƙarshe.

Duk shekara kafin ruwan fari yakan tara mu yaɓe. Maza su taka ƙasa, mu mata mu ɗebo ruwa, mu jiƙa kwasfar ɗorawa ta zama makuba, wadda ake shafawa don ruwa ya zame. Bangon gabas kam ba ya bar wa kowa, domin ta nan hadari ke dukan gini. Sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne. Na taɓa ce masa, "Maigida, ni ba ka saurarona haka." Ya ce, "Saratu, ke ai daga kasuwa ma ana jin ki." Abokinsa Malam Sani, magini Musulmi maƙwabcinmu, wanda bai taɓa fashin ranar yaɓe ba, ya yi dariya har ya ƙware da fura.

Shekara biyu bayan rasuwarsa gyaɗa ta yi kyau. 'Ya'yanmu na birni suka ce ginin ƙasa ƙauyanci ne, a shafe shi da siminti a huta. Ba zan ɓoye ba, ni na fara guɗa, ni na dafa wa masu aikin tuwo. Alhali da kunnena na sha jin Baban Ladi yana cewa ƙasa numfashi take yi, idan aka toshe ta sai ta ruɓe ta ciki. Muka daina yaɓe. Ruwa ya riƙa bi ta gefen indararo yana shiga bayan simintin, babu hanyar fita, mu kuwa muna yabon santsin bango.

Daminar bara, muna tsakiyar waƙa, wani ɓangare na bangon gabas ya ɓalle ya faɗi. Malam Sani ya zo da sandarsa, ya tura hannu har gwiwa, ya zaro ƙasa kamar kunu. Ya ce, "Innar Ladi, wannan ba zai ƙara ɗaukar damina ba." Sai an rushe bangon an tayar daga tushe, an canja azara uku na rufi.

Ga shi kuma zamani ya yi tsanani. Taki ya gagari talaka, gidaje da yawa sau biyu ake ɗora tukunya. Wasu suka ce a bar shi ya faɗi, wata rana a yi na bulo. Nakan tambayi kaina me Baban Ladi zai ce. Na san shi, ba zai yi faɗa ba. Zai dube ni ya ce, "Ina tuluna?" wato a ɗebo ruwa a kama aiki.

To mun tashi. Kowane gida ya fitar da damin gero ɗaya daga rumbu, har gwauruwar da nata rumbun bai kai rabi ba. Mu mata muna kai daddawa kasuwar Tsanyawa, kwasfar kuma muna tarawa don makuba. Na sayar da jar akuyata. Malam Sani ya ce ƙafa ta ƙi, amma a ajiye masa kujera a inuwa, bakinsa zai yi gini. Abin da ya rage azara ne da motar ɗauko su, da hannuwan da za su taka ƙasa.

Baban Ladi bai bar mini gona mai faɗi ba. Kunne ya bar mini. Yanzu duk Lahadi sai na ƙwanƙwasa sauran bangon uku kafin in shiga, ana yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina.

Kai da aka raɗa wa suna a majami'ar nan, kana Bacirawa ko Ungogo kana hawan keke napep, gabas ta fara haɗa gira. Za ka zo mu taka ƙasa kafin ruwan fari, ko sai ka zo nuna wa 'ya'yanka tudun da ya rage?