Inna tana jiran shaidu uku

A watan nan yayana Sule ya cika shekara goma sha ɗaya da fita daga gidanmu na unguwar Kilomita Biyar. Unguwar Miskine ya nufa, inda ɗakinsa yake, zai kwaso littattafansa, lokacin da garin nan ya rikice. Bai dawo ba. Har yau ba a yi masa sallah ba.

Malamin kimiyya ne. Wata rana da hantsi, ni da Inna mahaifiyarmu muna tsintar shinkafa, ya ce mana taurarin nan kowanne rana ce irin tamu, wasu ma da duniyoyi masu kewaya su. Inna ta ce, "Kai Sule, ji tsoron Allah! Zuwa ka yi ka gano?" Ya yi dariya, ya ce sun yi nisa, ido ba ya kai wa. Hasken tauraron ake aunawa. Idan duniyar ta gitta ta gabansa sai hasken ya ɗan dushe, kamar ƙuda ya wuce gaban fitilar mota. "Amma Inna, sau ɗaya ba hujja ba ce. Sai ya dushe sau uku, tazara iri ɗaya, sannan a yarda."

Da ya san abin da maganar nan za ta jawo mana, da ya haɗiye ta.

Bayan mako biyu da fitarsa, Mama Odil, maƙwabciyarsa Kirista, ta yi kasadar shigowa unguwarmu. Tana kuka ta faɗi abin da ta ga an yi masa a bakin titi. Inda aka kai gawar, ba ta sani ba. Liman ya ce a yi masa sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da ba a samu gawarsa ba. Inna ta hana. "Mutum ɗaya ce ta gani. Shi da bakinsa ya ce sai uku."

Sauran shaidun suna nan da ransu. Titin cike yake ranar. Yanzu an ce zaman lafiya ya dawo, suna shigowa kasuwa sayen atamfa, muna gaisawa da yaren Sango, ba wanda ya buɗe baki kan abin da ya gani.

Kwanan nan na ji a rediyo wai duniyoyin da aka gano sun kai dubbai. Yaya Sule, da murna za ka yi, na sani. Ni kam raina ne ya ɓaci. An gano abin da ke bayan rana, kai da kake Miskine an kasa.

Inna ta tsufa, tsorona kada ta tafi ba a sallace shi ba. Abin da ya rage mana nasa shi ne wannan lissafin, don haka na yi mata shi. Duk Babbar Sallah takan ware masa hanta a kwano, ta kafa wa ƙofa ido, fuskarta ta dushe. Bana na durƙusa na ce, "Inna, hasken gidan nan ya dushe sau goma sha ɗaya, tazara iri ɗaya. Ya wuce uku."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Rufe masa hantar, Hajara, kada ƙuda ya hau."