Kaset ɗin Sadisu

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon Mijinyawa a unguwar Briqueterie ya san mutumin nan da musu. Shekara talatin yana riƙe da ɗakin wasan bidiyo, talabijin huɗu, mu tele muke cewa, da benci biyu, tsakanin mai tsire da wani tela. Ni Gajere, teburina na gyaran waya yana manne da ƙofarsa, don haka ni na fi kowa shan surutunsa. Wallahi akwai ranar da har kaina yake ciwo.

Musun ɗaya ne kullum: wane wasa ne ya sauya duniyar wasanni da gaske. Samari daga Tsinga su ce na ƙwallo, tunda yanzu har gumin ɗan wasa ana gani. Wani ya ce wanda ake bugawa da mutanen wata ƙasa ta intanet. Ni kuwa ina cewa macijin nan na tsohuwar waya, don shi ya sa wasa a aljihun kowa, har da masu sayar da goro. Mijinyawa sai ya taɓe baki.

"Duk kwalliya ce," in ji shi. "Wasan da ya kawo sauyi shi ne wanda ya fara tuna mutum. Da can in ka kashe na'ura, shi ke nan, gobe daga farko za ka faro. Sai aka yi wanda za ka kashe, ka je ka ci tuwo, ka dawo ka tarar yana jiranka inda ka tsaya. Me ya kai wannan?"

Mun sha yi masa dariya. Amma mu tsofaffin unguwa mun san dalili. Tare da ƙanensa Sadisu suka buɗe shagon, kuma Sadisu ya rasu yana saurayi, zazzaɓin kwana uku. Ya bar wani kaset na wasan yawon kogo, sunansa a rubuce a ciki, ya kai ƙofar ƙarshe bai shiga ba. Mijinyawa bai taɓa ƙarasa masa ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan sa kaset ɗin, ya kalli sunan, ya ɗan zagaya da mutumin cikin wasan, ya kashe.

Abin da ke riƙe sunan wani ɗan batir ne a cikin kaset ɗin, kamar maɓallin riga, mu nan pil muke ce masa. In ya mutu, komai ya goge. Bana sauran kaset-kaset ɗinsa na wancan zamanin suka fara mantuwa ɗaya bayan ɗaya, hankalinsa ya tashi. Ya je har Messa ya samo sabon pil. Ran nan da azahar ya kawo na'urar wasan kan teburina, ya buɗe bayan kaset ɗin, ya cusa kaset ɗin a na'urar, ya jona wuta da hannunsa.

"Gajere, hannuna rawa yake yanzu, kai za ka sauya min. Amma a kunne za ka yi. Kada ka kashe, kada ka zare wayar wuta. Wutar ce za ta riƙe sunan kafin sabon ya zauna."

"Na ji, Yaya."

"Ka ji dai?"

Raina ya ɓaci. Shekara ashirin da biyu ina gyara, wai ni za a maimaita wa magana. Na ce ya tafi sallarsa, ni na riga na yi tawa.

To, mu masu gyara abu na farko da ake koya mana shi ne ba a ɗora ƙarfe mai zafi a kan abin da ke da wuta. Maigidana a Mokolo har ranƙwashi ya sha yi min a kan haka. Wata mata ta tsaya tana tambayata cajarta, ina ba ta amsa, ƙarfen ya yi zafi, hannun nan nawa ya miƙa da kansa ya zare wayar wutar na'urar daga bango. Ban ma san na yi ba. Na cire tsohon pil, na liƙa sabo, aiki tsaf, har ina yaba kaina. Sai da na juya na ga wayar a ƙasa na gane abin da na yi.

Da ya dawo ban ɓoye masa ba. Ya ɗauki na'urar muka shiga shago, ya jona a tele. Gurbi uku ne na suna, duka ukun fayau. Wasan yana tambayar sunan sabon ɗan wasa.

Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Ya daɗe riƙe da manet ɗin, wato abin sarrafa wasan, bai danna komai ba.

"Sabon pil ɗin zai kai shekara nawa?" ya tambaye ni.

"Ashirin, ko fiye."

"To madalla," in ji shi. Ya zare kaset ɗin ya sa a aljihu.

Har yau yana gaishe ni, yana aiko min da shayi. Haushin kaina nake ji kamar in yanke hannun nan. Jiya samarin Tsinga suka sake tayar da musun, har suna tsokanarsa, Baba wane wasa ne ya fi? Na kasa kunne ina jiran ya fara cika mu da surutu yadda ya saba. Ya ce musu na ƙwallon ma ba laifi, ya ci gaba da goge tele.