Tulun Ɓerayen Goggo Kulu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran goggona Kulu a gidanta da ke Tsamiyar Kabo, wani ɗan ƙauye kusa da Babban Mutum a ƙasar Daura. Ta rasu tana da shekara saba'in da 'yan kai, bayan jinyar mako uku. Ina wurin aiki a cikin garin Daura 'yarta Rahmatu ta kira ni, kafin in isa har an gama yi mata sutura.

Goggo, ke ce yayar mahaifina, kuma ke kika riƙe ni bayan rasuwarsa har na zama mutum. Mutane da yawa za su faɗi alherinki, ni kuwa akwai maganar da na riƙe shekara uku ban faɗa miki ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kowa a ƙauyen nan ya san ba kya cin nama. Tun kina budurwa kika bari, daga baya ƙwai da nono ma suka bi, furarki da ruwan tsamiya kike damawa. Ba ki taɓa cewa haramun ne ba. In an matsa miki da tambaya sai ki ce, "Abin da Allah ya halatta wace ce ni in hana? Zuciyata ce kawai ba ta ɗauka." Ranar da na ba ki labarin cewa a wasu ƙasashe akwai jama'a masu yawa da ke rayuwa haka, dariya kika yi kika ce ashe kina da dangi ba ki sani ba.

Rashin cin nama bai dami kowa ba, don rabonki na layya hannunmu yake faɗowa. Abin da ya sa ake yi miki tsiya shi ne zamanki da ƙwari. Gidan manomi ne, ga hatsi ga wake ga gyaɗa, amma ba a taɓa ganin kin ɗaga takalmi a kan wani abu mai rai ba. In tururuwa ta yi layi zuwa ɗakin girki, sai ki zuba toka a bakin ƙofa, ki kai musu ɗan tsaki can gindin danga, su juya da kansu. Kunama kuwa ƙoƙo kike kifa mata, ki zura faifai a ƙasa, ki fita da ita kamar mai rakiyar baƙuwa. Wakenki sai ya sha rana kwana uku kafin ki cuɗe shi da toka da busasshen ganyen darbejiya da barkono, ki liƙe bakin tukunya da laka. Ni da na yi karatu na zama malamin gona, mai yawo da jarkar feshi a bayan babur, sau da yawa wakena ya huje naki yana nan garau. Ban taɓa yarda na faɗi haka a gabanki ba.

Sai kuma tulun nan. Tsohon tulu ne mai ƙaramin baki, kina shafe cikinsa da man gyaɗa, ki jefa ƙuli-ƙuli ɗaya, ki jingina masa kara. Ɓera ya hau ya faɗa, santsi ya hana shi fita. Da safe ki rufe bakin da faifai, ki ɗora a ka, ki kai shi bayan gari. Na sha ce miki wahalar banza ce, kafin ki dawo gida ya riga ki. Da gardama ta yi tsawo, wata rana kika ɗiga wa ɗaya shuni a baya kafin ki sake shi. Kwana biyu tsakani sai ga mai shuni a cikin tulu yana cin ƙuli. Na yi dariya har da hawaye, ke kuma kika leƙa shi kika ce, "Kai ma ka san gidan mutunci." Na zaci za ki haƙura. Ashe abin da kika fahimta shi ne tafiyar ce ta yi kusa, tun daga ranar kika koma kai su hayin rafi, da ciwon gwiwarki da komai.

Kullum maganarki ita ce, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne muke barin kwano a buɗe mu ƙi share gindin rumbu, sannan mu zo muna fushi da wanda yunwa ta koro.

Shekara uku da suka wuce aka yi kakar ɓeraye. Sun huda gindin rumbunki, inda kike ajiye damman irin geron da kika gada daga kakanmu, wanda babu mai shi a yankin sai ke. Tulu ɗaya ba ya isa. Na ce a sa magani, kika ce a'a, za ki ɗaga rumbun a kan duwatsu ki yaɓe ramukan. Na ga kafin a yi haka iri ya ƙare. Ranar da kika tafi suna Babban Mutum na zo da rana tsaka, gidan ba kowa, na kwaɓa guba da tsaki na tura ƙarƙashin rumbu na koma Daura. A raina taimakonki na yi.

Ɓeraye sun mutu kam. Amma da su aka tsinci kurciyoyi shida da ke saukowa cin tsaki a gabanki kowace safiya, da bushiyar da ta shekara biyu a gindin rumbun tana cinye miki kyankyasai. Rahmatu ta ce da hannunki kika haƙa rami kika binne su, kika share wurin, kika wuni ba ki ci komai ba. Da na zo ƙarshen mako kika tarbe ni kamar kullum, kika dama mini fura, ba ki tambayi kowa wa ya yi ba. Sau nawa na zauna a tabarmarki maganar tana bakina, kunya ta mayar da ita. Ko a jinyar nan na zo sau biyu da niyya, na iske ɗakin cike da masu dubiya, na ce sai wani zuwan. Da na sani ƙeya ce, Goggo, wani zuwan a maƙabarta ya same ni.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, Rahmatu ta kira ni zaure ta ajiye tulun a gabana.

"Yaya Munzali, Inna ta ce in ba ka wannan. Ta ce rumbu da iri suna hannunka."

Na ce mata ban cancanta ba, akwai abin da ba ta sani ba.

"Na sani. Ita ma ta sani. Da ta dawo daga sunan ta ga sawun tayar babur ɗinka a ƙofar gida. Ta hana ni yi maka magana, ta ce tsoron asarar irin ne ya sa ka, kuma kunyar da kake ji ta ishe ka. Ta ce in gaya maka ta yafe tun a ranar. Sai dai ka tuna, hayin rafi ake kai su, in ka sake su a kusa dawowa suke."

Ban yi kuka a maƙabarta ba, amma a zauren nan na yi, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Na kafa tulun a gindin rumbun, jiya da safe na iske ɓera ɗaya a ciki. Na rufe da faifai, na ɗaure tulun a bayan babur, daidai inda jarkar feshi take zama. Masu zaman bakin kasuwa suna ta tambaya ko fura na fara sayarwa, na ɗaga musu hannu na wuce. Da na tsallake rafi na kwantar da tulun, ya ɗan tsaya a baki yana shinshina iska, sannan ya shige ciyawa.

Ya Allah, baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ta tausaya wa ƙananan halittunka da ba su da bakin yi mata godiya, ka tausaya mata da rahamarka wadda ta yalwaci komai. Ta rufa asirin wanda ya ɓata mata, ka rufa nata, ka yafe mata kurakuranta. Ka haskaka kabarinta, ka yalwata shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta Rahmatu da Fadila da 'ya'yansu, da dukkan dangi na Daura da Babban Mutum, da mutanen Tsamiyar Kabo. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Goggo, geronki yana nan lafiya, in Allah ya kai mu damina zan shuka. Allah ya jiƙan ki, amin.