Amsar da Na Ba Baba Malam

A Haɗeja ranar Lahadi kasuwa take ci, ranar kuma muke sujada. Ni dilan kifi ne, kifin banda nake sara a hannun masuntan wajen Guri in tura kudu a kwali. Iyayena Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, aiki ya kawo su, a nan aka haife ni. Da can sai an tashi daga coci nake buɗe rumfa. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, amai da gudawa ya kama 'yata ta fari. Ikilisiya ta yi azumin kwana uku dominta, a na huɗu muka binne ta. Tun daga nan da sassafe nake buɗe rumfa.

Masu zuwa yi mini wa'azi duk sun gaji, ban da wani dattijon coci, tsohon malamin makaranta ɗan Filato, da kowa ke kira Baba Malam. Kowace Lahadi da rana zai zo ya zauna a bencina, ya sayi tarwaɗa guda ɗaya.

"Sarkin gardama, yau ma ba mu gan ka ba."

"Baba, Shi wanda kuke kiran ya zo?"

"Ya zo, har ya tambaye ka."

"To ku ce masa ina rumfa, ai ya san hanya."

Sai ya yi dariya har da tari. Maƙwabcina Alhaji kan leƙo ya ce, "Ku dai ku gama, ku bar mu mu ji ciniki."

Wata rana ya ce da ni, "Idan kogi ya janye ba ka ganin kifi, amma kowace damina kana jiran sa." Na ce, "Kifi yana dawowa, Baba. 'Yata fa?" Bai ce nufin Allah ne ba, kamar yadda sauran suka yi ta faɗa. Ya daɗe yana juya kifin a hannu, sannan ya ce wannan ba shi da amsarta, shi ma tun rasuwar matarsa yake tambaya. Ya ce abin da ya sa yake saye a wurina, ba na shafa wa kifi mai don ya yi ƙyalli, in da ƙwari a ciki ina faɗa.

Shekara shida muna haka. Sai Lahadi biyu ban gan shi ba, a ta uku 'yarsa ta zo ta ce yana kira na. Na same shi kwance, ƙafafu sun kumbura. Ya sa ta fita, ya kama hannuna.

"Ɗana, kai ba ka shafa mai. Gaya mini, kana jin zan gan ta?"

Matarsa yake nufi. Na san abin da yake so ya ji, kalma ɗaya ce, ta zo mini har baki. Amma ya kira ni ne don ba na yi masa ƙarya.

"Ban sani ba, Baba."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Ni ma yau ban sani ba. Ɗauko Littafi Mai Tsarki ka karanta mini." Na buɗe Zabura na karanta har barci ya ɗauke shi. Ranar Alhamis ya rasu.

Bayan jana'iza 'yarsa ta tambaye ni me muka tattauna, na gaya mata duka. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Yaya, da ka ce masa e, me zai rage ka?"

Har yau ran Lahadi da rana hannuna kan ware tarwaɗa mai kyau guda ɗaya, sai na tuna in mayar da ita cikin kwali.