Adudun da Ya Ƙi Buɗuwa

Ko zan manta sunana, ba zan manta ƙaramar Sallar da na yi wa saurayina kantu ba. A Bebeji ne, ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi, ni kuwa ina budurwa mai rawar kai.

Shi mutumin Kiru ne. Ana jajibiri ya aiko min da toshi, ɗankwali da tsakiyar wuya da turare, na kwana ina sunsuna kwalbar. Sai dai fa akwai magana a ƙasa. Mahaifiyarsa wata take so ya aura, 'yar mai alewar garinsu, wai ita ce mai hannu. Ni kuma na rantse sai na nuna mata nawa hannun.

Ana saukowa daga Idi na hau aiki. Na soya riɗi, na narka mazarƙwaila, na juya har gumi yana ɗiga. Ga ɗan sabon adudu da na saya musamman, mai ado ja da kore. Wayyo, ranar ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa!

Ina cikin yankawa na jiyo kalangu daga dandali, sai kuma ƙararrawar kekensa a ƙofar gida. Hankalina ya tashi, na hau kwasar kantu da zafinsa ina dannawa a adudu.

Kakata tana daga gindin turmi ta ce, "Ke uwar azarɓaɓi, bari ya sha iska!"

Na ce, "Tsohuwa, kishi kike don na ƙwace miki miji."

Ta ce, "To, je ki. Jiki magayi."

Na danne murfi, na tsaya kwalliya, sannan na fita zaure ina rangwaɗa. Yana zaune shi da abokinsa, wani mai bakin tsiya. Na durƙusa na gaishe su, na tura adudun gabansa ina rufe fuska.

Ya ja murfi, shiru. Ya sake ja, ko gezau. Abokin ya ce, "Amaryarmu, kantu ne ko amana?" Suka kama, ɗaya gindi ɗaya murfi, suna nishi. Hannun abokin ya suɓuce, ya tafi da baya ya yi zaman 'yan bori, hula ta yi waje. Kantu ya huce ya haɗe da saƙar adudun, ya zama dunƙule guda kamar tubali.

Dariya ta ƙwace min, sai kuma kuka, don na tuna da 'yar mai alewa. Na ce shi ke nan, na kashe kaina da hannuna. Na roƙe shi ya bar min kayana, ya ƙi, ya ɗaure a bayan keke ya tafi.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ran na huɗu ya dawo yana murmushi. Ashe gaban mahaifiyarsa ya kai shi, ta sa taɓarya ta fasa, ta tsince kaba ta ɗanɗana. Ta daɗe tana tauna, sannan ta ce, "Riɗin ya soyu, babu ƙauri. Hannu akwai, haƙuri ne babu, shi kuwa ni zan koya mata."

Lokacin kaka aka ɗaura mana aure, mahaifiyar tasa kuma ta cika alkawari, don shekara ashirin ina shan darasi. Tun daga nan na san gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido, na kuma san mai sonka ba ya ɓoye kuskurenka don kunya, ɗauka yake ya tsaya maka. Har yau in na ga jikata tana rawar ƙafa a kan murhu, nakan ce, "Ke, bari ya sha iska."